Tafiyar dare a Damagaram: tambayoyin masu keke da masu tafiya a ƙasa

Waɗannan tambayoyi ne da na sha ji, wasu a rumfar mai gyaran keke inda nake zama da yamma, wasu a fada wajen shan shayi, wasu kuma daga iyaye mata masu aiken yara bayan magariba. Ni dai na daɗe ina taka keke tsakanin Birni, Zango da Sabon Gari, dare da rana, na faɗi na tashi. Na sa wa tambayoyin lamba don in wata amsa ta taɓo wata, a san inda za a leƙa.

1. Ni ina ganin mota sarai, ta yaya direba zai ce bai gan ni ba?

Mota tana ɗauke da fitilu biyu masu ƙarfi, shi ya sa kake hango ta tun daga nesa. Kai ba ka ɗauke da komai. Direba ba ya ganin ka sai hasken fitilarsa ya sauka jikinka ya koma idonsa, kuma tufa mai duhu shanye hasken take yi. Masu wayar da kai kan haɗurran hanya sukan ce mai baƙaƙen kaya ba ya bayyana sai mota ta zo kamar mita 25 zuwa 30 daga gare shi, in direba na tafiya da ƙaramar fitila.

To, a yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa guda ta wuce. Birkin kansa yana son wasu mita 14 a kan busasshiyar kwalta mai kyau. Ka ga an kai mita 28, daidai inda kake tsaye. Wannan fa in tayoyin na da rai, birkin na ci, kuma babu rairayi a kan kwaltar, abin da ba kasafai ake samu a garin nan ba. In gudun ya kai kilomita 80, kamar yadda ake yi da an fita gari ta hanyar Mirya, sai ya ci kusan mita 60 kafin ya tsaya.

2. Wane lokaci ne ya fi haɗari, tsakar dare?

A ganina magariba ta fi. Damagaram ba ta da nisa sosai da layin da ya raba duniya kudu da arewa, don haka rana na faɗuwa duhu ke bin sawunta: minti ashirin da ƴan kai, an gama. A wannan ɗan tsakanin kowa na kan hanya. Ƴan kasuwar Dole sun tashi, masu kabu-kabu na rububin fasinja, masu zuwa masallaci na tsallaka titi, dabbobi na dawowa daga kiwo. Sama na da sauran haske, ƙasa ta yi duhu, sai kowa ya ɗauka ana ganin shi, da yawan masu moto ma ba su kunna fitila ba tukuna. A watan azumi abin ya fi muni, don kowa na tseren ya sha ruwa a gida.

Na biyu shi ne asuba. Hanya ba kowa, direban da ya kwana yana tuƙi daga Maradi ko Agadas ya saki mota, ga gyangyaɗi, ga dattawa na fitowa masallaci lulluɓe da bargo lokacin sanyi.

3. Wane gefen hanya zan bi?

A Nijar ababen hawa dama suke bi. Mai tafiya a ƙasa, inda babu wurin da aka ware masa, hagu ya kamata ya bi, yana fuskantar abin da ke tahowa. In ka ga fitila ta nufo ka, sai ka sauka cikin rairayi. Wanda ya ba mota baya kuwa ya miƙa ransa ga idon wani. Wuri ɗaya ne ake saɓa wannan: a kwanar da gini ko dutse ya tare gani, gara ka koma gefen da za a hango ka da wuri.

Mai keke shi abin hawa ne, dama zai bi tare da motoci. Masu cewa gara su bi hagu don su riƙa ganin mota suna haɗa gudunsu ne da nata, kuma direban da zai fito daga lungu ba ya duban ɓangaren da bai zaci wani zai ɓullo ba. Mai tura kura da mai amalanke su ma dama ne, dubi tambaya ta 12.

4. Ina sa farin yadi kullum. Bai isa ba?

Ya fi baƙi nesa ba kusa ba, yakan kai ka wajen mita 50. Amma dubi lissafin tambaya ta 1: ga mai gudun 80, mita 50 ba ta isa ba. Sannan farin namu ba ya daɗewa yana fari, ƙurar yini guda ta mai da shi kalar katangar da kake bi ta gefenta. Mata kuma yawanci dogon hijabi ne mai duhu, daga kai har ƙafa, wanda da dare ba ya da bambanci da inuwar bango. Ba sai an canza sutura ba. Abin da za a ƙara yana cikin amsa ta gaba.

5. Wannan abin ƙyallin da ke jikin rigar ƴan sanda da masu aikin hanya, yaya yake aiki?

Shi ba ya ba da haske da kansa. An lulluɓe shi da ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin gilashi, ko ƙananan kusurwoyi masu kamar madubi, waɗanda ke mayar da haske daidai inda ya fito. Farar riga watsa haske take ko'ina, kaɗan ne ke komawa wajen direba. Abin ƙyalli kuwa tattara shi yake ya mayar wa fitilar motar, idon direba kuma na kusa da fitilar. Da shi akan hango mutum daga wajen mita 150. Gwada da kanka: rataye shi a bango cikin duhu, ja da baya, ka riƙe tocila dab da kuncinka ka haska. Sannan ka miƙa hannun gefe ka sake haskawa, za ka ga ya dushe.

Inda aka sa shi ma magana ce. Ido ya fi saurin gane mutum daga motsin gaɓoɓinsa, don haka ɗan zobe a idon sawu ko a wuyan hannu yakan fi faffaɗan layi a ƙirji amfani. Ƙaramar fitilar mota ƙasa take haskawa, ƙafa take fara kamawa. Mai keke ya fi kowa sa'a a nan, tunda ƙafarsa sama da ƙasa take yi ba hutawa: direba na ganin ƙyalli biyu na hawa da sauka ya san keke ne. Fedar da ta zo da ƴan gilasai masu ruwan ɗorawa, kada a bari mai gyara ya cire su. Mace na iya ɗinka siririn layi a bakin hijabi ta ƙasa, ko ta liƙa a jaka. Masu sayar da kayan mota suna da tef ɗin nan ja da fari da ake liƙa wa manyan motoci, ɗan guntu ya ishi keke guda.

A kula, launin rigar jile, irin ta masu aikin hanya, mai kore-kore ko ruwan lemo na rana ne. Da dare layukan azurfar nan kaɗai ke aiki, kuma in wanki da rana suka cinye su, rigar ta zama ado.

6. To in mai moto ba shi da fitila fa, ƙyallin zai yi mini amfani?

Ba zai yi ba, ko kaɗan. A nan ne shawarar da ake kwasowa daga ƙasashen Turai ke gazawa, don su sun ɗauka duk abin da ke tafiya da dare yana da fitila. Mu kuwa mun san moton da ƙwan fitilarsa ya mutu tun bara, mun san mai kashe fitila wai yana tattalin batir, mun san keken da bai taɓa ganin fitila ba tun da aka sayo shi. Tsakanin mai keke marar fitila da mai tafiya a ƙasa, babu hasken da ƙyalli zai mayar.

Saboda haka a cikin unguwa sai ka riƙe naka hasken. Ƙaramar tocila ko fitilar waya, a kunne, tana kallon ƙasa, tana lilo da hannunka. Ko kana ganin hanya da farin wata, bar ta a kunne, don ba kai kaɗai take yi wa aiki ba. Sannan kunne: a cire abin sauraren waƙa. A lungun da ba wuta, ƙarar inji da ƙarar sarƙa su ne gargaɗin farko.

7. Waɗanne fitilu keke ke buƙata?

Fara a gaba, ja a baya, da jan gilashi mai ƙyalli a baya don ranar da batir ya ci amanarka. Haka yarjejeniyar ƙa'idojin hanya ta duniya da aka ƙulla a birnin Viyana a 1968 ta tanada, tare da birki mai ci da ƙararrawa. Launin ba ado ba ne, yare ne: ja na nufin abin nan tafiya yake yana ba ni baya, fari na nufin yana nufo ni. Samarin da ke ɗaura shuɗi da kore masu walƙiya, ko ja a gaba, rikita direba suke yi.

In kuɗinka na fitila ɗaya ne, ya danganta da hanyarka. Mai bin kwalta ya fara da ta baya, don abin da ke zuwa ta baya ba ka da yadda za ka yi da shi. Mai bin lunguna ya fara da ta gaba. A duba kuma kada babbar riga ko buhun da ke kan kariya ya rufe ta bayan. Na sha ganin dattijo da fitila mai kyau, amma malum-malum ta sauko ta lulluɓe ta ruf.

8. Dinamo ko mai caji?

Dinamo irin na dā, mai gogar taya, yana ba da bolt 6, wat 3. Ba ruwansa da an ɗauke wuta ko an kawo, ba a kuma zare shi a gudu. Aibinsa, kana tsayawa yake mutuwa, wato a mahaɗar hanya inda ka fi buƙatarsa, kuma cikin rairayi inda kake tafiya a hankali sai ya koma kamar aci-bal-bal. In taya ta jiƙe yakan zame.

Mai caji ta fi haske, ba nauyi, kuma ko ka tsaya tana ci. Sai dai tana mutuwa ba sallama, ga ɗaukewar wuta. Ka haɗa cajinta da na waya, duk inda ɗaya ta je ɗayar ta bi. Kada a bar ta kan keke a rana lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, don zafi na kashe irin wannan batir da wuri. Mai walƙiya tana jan ido kuma tana tattalin caji, amma tana hana direba auna nisanka, har Jamus ma ta hana a ɗaura irinta a jikin keke. Ni tsayayyen haske nake bari a gaba kullum.

9. Mutane na yi mini faɗa wai fitilata na kashe musu ido. Ba gara a gan ni ba?

Suna da gaskiya. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuma yana rusa wannan cikin ƙiftawa. Wanda ka dallare wa fuska zai yi ƴan daƙiƙu ba ya ganin komai, tsoho ya fi haka daɗewa. In mai moto ne, ka makantar da wanda ke tunkaro ka kenan.

Karkata fitilar ƙasa, hasken ya sauka kamar taku goma zuwa goma sha biyu a gabanka. Ka tsaya gaban bango ka kunna: in saman hasken ya haura tsayin fitilar kanta, ta ɗagu da yawa. Tocilar goshi ta fi kowace laifi, don duk wanda ka kalla ka haske shi, kuma haska fuskar babba ko matar mutane da tocila kowa ya san rashin ladabi ne tun kafin a zo maganar haɗari. In kai aka dallare, kada ka kalli fitilar, mai da ido gefen hanya ta damanka, ka rage gudu.

10. Na zo bayan masu tafiya a ƙasa, in kaɗa ƙararrawa ko in wuce shiru?

Kaɗa, amma tun da nisa. Keke ba shi da ƙara, mutum ba ya sanin kana nan sai ka zo kafaɗarsa, in kuma ka kaɗa a nan zabura zai yi, sau da yawa ya faɗo ɓangaren da za ka bi. Ka kaɗa tun kana taku ashirin, ka rage gudu, ka ƙara da baki. "Gafara dai, Baba, keke ne." "Inna, ku tsaya yadda kuke, zan bi ta nan." Sallama ma ta isa, tunda muryar na gaya masa inda kake. Ka bar tazarar da ko ya miƙa hannu ba zai taɓa ka ba.

Mai tafiya kuma, in ka ji ƙararrawa kada ka yi tsalle. Ci gaba a layinka, ko ka tsaya cak. In ku da yawa ne, ku koma gefe guda, kada ku rabu biyu ku bar shi yana canki-canki. Yara dai ba a yi musu zato, dubi tambaya ta 15.

11. A lungunan Birni ba mota, me zai same ni in na ɗan taka?

Lungunan Birni an yi su ne tun kafin mota, don ƙafa da doki da jaki: ƙunci, kwana a kan kwana, ƙofar zaure na buɗewa kai tsaye cikin hanya, ga duwatsun nan na garinmu da ke fitowa inda ba ka zata ba. Keke mai gudun kilomita 15 a awa na cin mita 4 a daƙiƙa. In fitilarka mita 5 take nuna maka, daƙiƙa ɗaya ke gare ka.

Wata bazara, bayan isha, an ɗauke wuta, fitilata ta mutu tun a hanya, na ce ai na san lungun kamar tafin hannuna. Ina shan kwana sai na ji muryar mai karanta labarai daga ƙasa, dab da tayata. Na damƙe birki, tayar gaba ta nutse cikin rairayi, na tafi ta gefe na daki bango da kafaɗa. Ashe wani dattijo ne zafi ya koro, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, rediyo a kan ƙirji, butarsa a gefe. Butar na taka, ta fashe. Ya tashi zaune, ya dube ni, ya ce, "Yaro, gobara ake yi a gidanku?" Na ce, "Ku gafarce ni, Baba." Ya ce, "Allah ya gafarta mana. Gobe ka zo da buta." Na kai masa kuwa. Tun ranar, in fitila ta mutu sauka nake in tura.

Game da rairayin kansa: kada a matse birkin gaba a ciki, kada a karya kan keke da ƙarfi. Kuma inda kwalta ta ci baki ta yi gaɓa, mai keken da mota ta matse yakan faɗi ne wajen sauka ko hawa, ya faɗo cikin hanya.

12. Amalanke da kurar ruwa fa? Su ne ba a gani sam.

Ƙarancin ruwa tsohon zance ne a Damagaram, kuma in famfo ya kawo cikin dare, cikin daren ake fita. Ƴan garuwa da kura cike da jarkoki, yara da amalanken jaki, duk a kan hanya ba ko ƙyastu. Kura mai kaya ba ta kaucewa da sauri, ba ta tsayawa da sauri a gangara. Maganin mai araha ne: tef ɗin da na ambata a tambaya ta 5, a liƙa a kusurwoyi biyu na baya da kuma gefe, don a ga faɗin abin. Ƙaramar tocila a rataye ta ƙara. Masu rataya tsohon faifan CD sun yi ƙoƙari, amma shi madubi ne kawai, sai ya juyo daidai yake walƙawa. Mai kurar da yake bayar da ita haya shi ya fi dacewa ya liƙa, ba yaron da ke turawa ba.

Dabbobi kuma ba wanda zai liƙa wa tef. Awaki da jakuna na son kwanciya a kan kwalta da dare don ɗuminta. In ka ga ɗaya ta tsallaka, jira ta biyu.

13. Yaya zan yi da manyan motoci, musamman a hanyar Tanut?

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, tankokin mai sun zama ƴan gida a wannan hanya, ga kuma manyan motocin kaya masu zuwa Agadas. Direban babbar mota yana zaune can sama, akwai wuraren da ba ya gani ko da rana: dab da gabansa, gefen damansa, da bayansa. In za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke ta ciki, su share duk abin da ke tsakaninsu da bakin hanya. Kada ka taɓa shiga ta damanta a kwana ko a shataletale. In ta taho ta bayanka a wajen gari, sauka daga kwalta gaba ɗaya ka bar ta ta wuce, don iskarta kaɗai na iya jan keke.

Hattara da mota mai ido ɗaya. Kana ganin fitila guda ka ce moto ne, ka ba shi ɗan wuri, ashe rabin motar na cikin duhu ta ɓangarenka. Haka kuma in ka fara ganin rassan itace a zube kan kwalta, babbar mota ce ta lalace a gaba, mai yiwuwa ba ko fitila ɗaya a jikinta.

14. Hazo da damina suna canza wani abu?

Lokacin hunturu ƙura na mayar da hasken fitila cikin idon mai ita, babbar fitila ma ta fi muni. Duk nisan da na faɗa a sama raguwa yake. Ƙurar na kuma kwanciya a kan gilashin fitila da abin ƙyalli, sai a riƙa share su da gefen riga kafin a hau. Rawani ko hular sanyi da ta rufe kunne na rage ji.

Da damina jiƙaƙƙiyar kwalta ta fi baƙi, birkin keke ba ya ci sai taya ta ɗan juya ta bushe, ruwan da ya kwanta kuma na ɓoye rami da bakin lambatu. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, kada ka shiga da keke cikin dare. Ka tuna kuma kowa kauce wa taɓo yake, mai ƙafa da mai moto duk kan ɗan busasshen layi ɗaya suke haɗuwa.

15. Ina aiken yara sayen abu bayan magariba. Me zan koya musu?

Yaro gajere ne, mota a tsaye ko teburin mai shayi na ɓoye shi. Ƙaramin yaro kuma bai iya auna gudun abin da ke tahowa ba, fitila kawai yake gani. Wanda bai kai shekara goma ba, in aiken na buƙatar tsallaka kwalta da dare, a haɗa shi da babba, ko a bari sai safe. Abu uku ya isa a nanata: tsaya a baki ka duba hagu, dama, hagu, kada ka tsallaka da gudu, in abokinka ya tsallaka, kai sake dubawa. A ba shi tocila a hannu, a liƙa masa ɗan tef a bayan takalmi.

Almajirai su suka fi kowa yawo a wannan lokaci, da kwano, daga gida zuwa gida. Mai neman abin sadaka da ba ta da tsada, ya je wajen malaminsu da tef mai ƙyalli.

16. Mahaifina ya ce da magariba ta yi ba ya ganin hanya. Tsufa ne kawai?

Yana iya zama yanar ido, wadda ke sa fitilun mota su riƙa bajewa a ido, kuma ana yi mata aiki a warke. Yana iya zama dundumi. A yara da mata masu ciki dundumi sau da yawa daga ƙarancin bitamin A yake, wanda ake samu a hanta, ƙwai, karas, mangwaro, manja da ganye irin zogale. Ciwon sukari ma na taɓa ido. A kai shi a duba, akwai masu aikin ido a babban asibitin Damagaram. Kafin nan, ya ajiye keke da dare, wani jika ya riƙa raka shi masallaci da tocila.

17. Fadarmu a bakin hanya take. Mu ma da laifinmu?

Da ɗan saura. Benci, tabarma, gawayin shayi, ga motoci uku a jingine: kun cinye gefen da mai ƙafa zai bi, sai ya hau kwalta yana ba mota baya. Haka masu tsire da masu tebur, ga fitilarsu mai ƙarfi da ke kallon titi, wadda ke sa duk abin da ke bayanta ya ɓace wa mai tahowa. A ja baya taku biyu, a juya fitila ta kalli kaya. Mai gini da ya zube yashi ko bulo a hanya shi ma ya sa alama. Malamai sun sha gaya mana hanya na da hakki a kan mai zama bakinta, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne.

18. Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Duk wannan na mene ne?

Haka ne, kuma wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mai faɗar maganar tsautsayin ma na lura yana kulle kekensa da kwaɗo in zai shiga kasuwa.

19. In haɗarin ya riga ya faru, me za a fara yi?

A fara da tare hanya. Mutum biyu su tsaya nesa kaɗan ta kowane ɓangare, a gefen kwalta, suna kaɗa tocila, don kada wata motar ta zo ta hau taron. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a 17. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kada a cicciɓe shi a ɗora kan moto ko a cusa shi cikin adaidaita, sai in barin shi a wurin ya fi haɗari. In da hular kwano a kansa, a bar ta. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. In yana numfashi, a juya shi kan gefensa a hankali, kai da wuya da jiki tare.

Ciwo da ruwa mai tsabta da sabulu ake wanke shi. Ba a zuba masa ƙasa, ko baƙin mai, ko ruwan birki, duk da na san masu rantsuwa da shi. A tambayi allurar tetanus. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiya lau, a sa masa ido kwana biyu: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashe shi, magana ba kan gado, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk na komawa asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba. In kuma karaya ce, ko da iyali sun fi son maɗori, a fara ɗaukar hoton ƙashin tukuna. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda yatsu suka yi sanyi suka canza launi bayan an ɗaure, wannan ta likita ce kai tsaye.